Gidanmu da Gidana: Halin Birnin Kano da Na Bayan Ganuwa

Duk mai sauraron sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Kano ya saba da wani salo. Mamacin ya shekara ashirin a Rijiyar Zaki ko Hotoro, can ya yi gini, can 'ya'yansa suka tashi, amma sai ka ji an ce za a yi jana'iza a gidansu da ke Yakasai ko Mandawari, kuma a can za a karɓi gaisuwa. Haka abin yake ranar ɗaurin aure, haka yake ranar Sallah. Bakanon da ya fita bayan ganuwa yana da kalmomi biyu da ba ya haɗa su. In ya ce "gidana", yana nufin wanda ya sayi fili ya gina da guminsa, mai katanga da ƙofar ƙarfe. In ya ce "gidanmu", yana nufin wancan na cikin lungu, mai zaure da tabarma, inda aka binne cibiyarsa.

In ana hira kan wannan batu, hukunci ba ya wuya a bakin mutane. Masoya Birni su ce waje ba mutunci, kowa tasa ta fisshe shi. Masoya waje su ce Birni ba komai cikinsa sai cunkoso da kwata da sa ido. Kowane ɓangare ya ga wani abu na gaskiya, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Birni yana da jama'a da tsarin zaman da ya daɗe yana riƙe su, fili ne ya ƙare masa. Waje yana da fili, tsarin zaman ne bai gama kafuwa ba. Wanda bai riƙe waɗannan biyun tare ba, ba zai gane inda Kano ta dosa ba.

Yadda gari ɗaya ya rarrabu

Tarihin sarakunan Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Magabatan nan ba su ja ganuwa daidai bakin gidaje ba. Sun zagaye gonaki da fadamu, sun haɗa da Dala da Gwauron Dutse, don in an yi wa gari ƙawanya a sami abin sawa a baka, in jama'a ta ƙaru a sami wurin gini. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna garin da kimanin 30,000, adadin da ya ce yana iya ninkawa lokacin da ayari ke shigowa. Ya kuma tarar da sarari mai yawa a cikin ganuwa ba gini a kansa. Ke nan masu ginin farko sun tanadi wurin jikokin da ba su gani ba.

Ko a wancan zamani akwai rayuwa a bayan ganuwa. Fagge zango ce ta fatake, musamman Azbinawa masu kawo gishiri, kuma ƙauyukan kewaye su ne rumbun Birni. Amma rabuwar da ta bar tabo ta zo ne da Turawa, bayan sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Ba su zauna cikin Birni ba, sai suka kafa nasu mazauni a gabas, wajen Nasarawa da Bompai. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka yi ta kwararowa, aka ware musu Sabon Gari wajen 1913. Kwarori 'yan Sham da Labanon suka sami nasu wuri. Tudun Wada da Gwagwarwa suka zama matattarar tsofaffin sojoji da 'yan Arewa baƙi. Dokar garuruwa ta 1917 ma ta tanadi a bar sarari na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Birni yana ƙarƙashin Sarki da alƙali, Sabon Gari ya daɗe a ƙarƙashin Bature da kotunsa. Mutanen da ke cin kasuwa ɗaya da rana suka zama ba su san juna da dare ba, kuma rikicin Mayun 1953 ya nuna abin da irin wannan nisa ke haifarwa.

Bayan samun 'yanci an yi ƙoƙarin tsara faɗaɗar garin. An zana shirin shekara ashirin, na 1963 zuwa 1983, wanda ake dangantawa da masanin tsara gari Trevallion. Sai dai jama'a ta riga takarda gudu. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin mai ya shigo, masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa da Chalawa, farin 1973 ya koro mutanen karkara. Gari ya bi manyan tituna ya miƙe: titin Zariya, titin Katsina, titin Gwarzo, titin Haɗeja, titin Maiduguri. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da ake kira Kano da kewaye, wato Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso, sun tashi da mutum kimanin miliyan 2.8. Daga wancan lokaci zuwa yau, gari ya riga ya tsallaka iyakar waɗannan takwas ɗin ta kusan kowace fuska.

Sunayen unguwanni kaɗai sun isa su ba da labarin. A cikin Birni za ka ji Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Sharifai, Alfindiki, Soron Ɗinki, Lokon Maƙera. Sunaye ne na mutane, da inda suka fito, da sana'ar da suka riƙe. Fita waje ka ji Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, Rimin Kebe, Kurna, Ɗorayi, Gandun Albasa, Sabuwar Gandu. Sunaye ne na rijiya da bishiya da gona. Na farko suna gaya maka su wa suka zauna a wurin, na biyu suna gaya maka abin da aka share kafin a zauna.

Halin Birni

Wanda ya shiga lungun Birni zai fara lura cewa ba don mota aka yi shi ba. Ƙafa da jaki aka auna, shi ya sa yake lanƙwasa, ya tsuke, ya sake buɗewa a ƙofar wani masallaci. Baƙo ba ya taku ashirin ba a gan shi ba, kuma kafin ya tambaya an riga an tambaye shi gidan wa yake nema. Ba a kwatance da lambar gida. Ana cewa bayan gidan malam wane, ko lungun masu alkaki, kowa kuma ya gane.

Zaure shi ne zuciyar wannan zama. A nan maigida ke karɓar baƙo ba tare da an ratsa sirrin iyali ba, a nan ake karatun allo da na littattafai bayan asuba da magariba, a nan maƙwabta ke fito da akushi su ci tare. Ɗinkin hula, aikin fata, sasanta ma'aurata, rabon goron ɗaurin aure, duk zaure ya gani. Daga zaure magana ke hawa zuwa mai unguwa, daga shi zuwa dagaci da hakimi, har fada. Wannan sarƙa ita ce ta sa yaron Birni ya tashi da iyaye da yawa. In ya yi abin kunya a bakin Kurmi, labari zai riga shi isa gida. In mahaifinsa ya rasu, akwai wanda zai tsaya masa wajen neman aure, ya ce "ɗana ne", kuma a yarda.

Tattalin arzikin cikin gida ma a kan wannan kusanci ya ginu. Matar da ba ta fita tana iya yin gurasa ko alkaki ko ƙuli-ƙuli ko ɗinki, ta sayar ta hannun yara da maƙwabta, ta yi adashi da matan lungu, ta haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Kasuwarta gidaje ɗari ne da ke kewaye da ita, kuma duk sun san hannunta.

Amma zaman nan yana da nauyinsa, kuma wanda ya ɓoye shi bai yi wa Birni adalci ba. Gidan da kaka ya gina wa mutum goma, yau jikoki hamsin ne a ciki. Kowane rabon gado yana ƙara yanka tsakar gida, har ta koma siririyar hanya tsakanin ɗakuna. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda su ne ke shanye ruwan sama, an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, sai ruwan ya koma neman hanya ta cikin ɗakunan mutane. Jakara, wadda a bakinta Kurmi ta kafu, ta zama magudanar dagwalon gari. In gobara ta tashi a tsakiyar lungu, motar kashe gobara sai dai ta tsaya a titi. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, sai an tallabi mai ciki zuwa inda mota za ta iya tsayawa. Ita kanta ganuwar, an cinye ta a wurare da dama, wasu sun ɗebi ƙasarta, wasu sun kafa shaguna a kanta. Idon da ke tsare yaro kuma shi ne ke takura babba. Akwai saurayin da bai fita Birni don ƙyamar iyayensa ba, ya fita ne don shi da amaryarsa su sami inda za su yi magana ba a ji ta katanga ba. Wannan buƙata ce ta halal.

Waje ba ɗaya ba ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki duk abin da ke bayan ganuwa a matsayin abu guda. Aƙalla kashi huɗu ne, kuma halinsu ya sha bamban.

Akwai tsohon waje, wato Fagge da Sabon Gari da Gwagwarwa da Tudun Wada. Waɗannan sun shekara ɗari ko fiye, sun yi jijiya, sun haifi nasu "gidanmu". Bafagge yana alfahari da Fagge kamar yadda ɗan Birni ke yi da lungunsa. A Sabon Gari akwai Ibo da Yarabawa da kakanninsu aka haifa a Kano, Hausa a bakinsu kamar ta kowa. Tituna a miƙe suke, gidajen haya ne masu ɗakuna a jere, coci da masallaci da kasuwa suna jin motsin juna. Cunkoson waɗannan unguwanni bai gaza na Birni ba. Abin da suke koya mana shi ne baƙunta ba ta dawwama, in an ba wuri lokaci yana yin nasa dattawan.

Akwai unguwar manya, wadda Nasarawa da Bompai suka zama uwa gare ta. Filaye masu faɗi, itatuwan darbejiya da maina, titi mai suna, gida mai lamba. Shiru ne abin da ake saya a nan. Mutum yana iya shekara biyar bai taka falon maƙwabcinsa ba, masu gadinsu ne suka san juna. Ko ita ma tana sauya kama, domin ana ta yanka manyan filayen ana gina rukunin shaguna da makarantu da asibitocin kuɗi, ana sare itatuwan da suka mai da ita abin sha'awa.

Akwai filayen da gwamnati ta yanka da rukunin gidajen da ta gina. Nan ne ma'aikaci da malamin jami'a da ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi ke hari. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo ya ja jama'a zuwa Janbulo da Rijiyar Zaki da Ɗanbare, kamar yadda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ƙara wa titin Zariya daraja. A tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da tituna da magudanai tun kafin mutane su tare. Amma gidaje da yawa a cikinsu sun daɗe a kulle, domin masu iya saya suna da inda suke kwana, masu buƙatar wurin kwana kuma ba sa iya saya.

Sai kashi na huɗu, wanda ya fi saurin yaɗuwa kuma aka fi kau da kai daga gare shi: awon igiya. Manomi ne a gefen gari ke ganin gini yana matso gonarsa. Ya san Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma in hukuma ta riga shi, abin da zai samu na diyya ba zai kai abin da dillali zai ba shi ba. Sai ya kira dillalai, a ja igiya, a yanka gonar ƙanana-ƙanana, a sayar da shaidar mai unguwa da takardar hannu. Kowane taku da aka bar wa hanya asara ce a idon mai sayarwa, don haka hanyar sai ta fito tamkar lungu. Ba wanda ya ware filin makaranta, ko na asibiti, ko na maƙabarta, ko inda ruwan sama zai bi. Haka manyan sassa na Kurna da Bachirawa da Rimin Kebe da Sheka da Ɗorayi suka tashi.

Bai kamata a ga laifin mai sayen ba. Mai gadi, direban adaidaita sahu, malamin firamare, ɗan ƙauyen da ya zo cin rani ya zauna, ɗan Birnin da rabon gadonsa bai kai kuɗin ɗaki ba, duk ba su da wata ƙofar mallakar muhalli sai wannan. Yana saya, ya yi ɗaki ɗaya ya shiga, shekara ta zagayo ya ƙara wani. Amma sakamakon mai ɗaci ne. Unguwar awon igiya ta gaji matsin Birni ba tare da zaurensa da dattawansa ba, ta kuma gaji nisan waje ba tare da titinsa da magudanarsa ba.

Inda bambancin ke taɓa rayuwa

A ɗauki ginin kansa. Ginin ƙasa na tubali da azara, mai kaurin bango, yana riƙe sanyi da bazara, yana riƙe ɗumi da hunturu, sai dai yana neman yaɓe kafin kowace damina. Bulo da kwano sun hutar da maigida daga yaɓe, amma a watan Afrilu ɗakin yana komawa tanda, sai an nemi fanka, fanka kuma sai da wuta. A sabon gini an jefar da zaure, aka sa get da wurin ajiye mota. Ba ƙaramin abu aka jefar ba. Zaure wuri ne da ba ciki ba, ba waje ba, inda talaka ke iya zama da mai kuɗi ba tare da ya nemi izini ba. Get kuwa ko a buɗe maka ko a bar ka a tsaye.

A ɗauki ruwa. Matatun Chalawa da Tamburawa da Watari ba sa isar da jama'ar da ta ninka abin da aka gina su dominsa. A Birni akwai bututu, sau da yawa ruwan ne babu. A sababbin unguwanni ko bututun bai je ba. Mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, marar hali ya jira 'yan garuwa da kurarsu. Sai ya zama talaka yana sayen jarka da tsadar da mai burtsatse bai san da ita ba. Kowane gida kuma yana haƙa masai kusa da rijiyar maƙwabcinsa, domin ba wanda ya tsara inda kowanne zai zauna.

A ɗauki zirga-zirga. Mutum ya yi gida a Mariri ko Panshekara, amma abincinsa yana kasuwar Kwari ko Singa ko Sabon Gari ko Ƙofar Wambai. Da safe gari duka yana kwarara ciki, da yamma ya kwararo waje. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ne ya ɗauki wannan kaya, kuma dubbansu ne ke cika tituna. An gina gadoji a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Ɗangi da Hotoro, sun sassauta wasu mahaɗu, amma gada mota take ɗauka, ba ta rage wa leburan Bachirawa kuɗin zuwa aiki. Arahar filin da ya saya a nesa, yana biyan cikonta kullum a hannun direba.

A ɗauki tarbiyya da tsaro. Daba da ƙwacen waya ba su san ganuwa ba, suna ciki suna waje. Bambancin shi ne a Birni an san ɗan wane ne, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ko da yake wani lokaci sanin ne ke sa a rufa masa asiri. A sabuwar unguwa mai haya yana iya zuwa ya tashi ba wanda ya san sunan mahaifinsa. Mai unguwar da ya gaji ƙauye mai gida arba'in ya wayi gari da mutanen da sun fi ƙarfin ƙirgarsa, yawancinsu ba su taɓa zuwa gaishe shi ba. Matar da ta saba da kasuwar lungu, in aka kai ta gida mai dogon bango a bayan gari, sai ta ga ranar ta yi mata tsawo. Da yawa sun mai da cinikinsu kan waya, suna tallata kaya a WhatsApp, ɗan adaidaita ya kai. Ciniki ya samu, amma waya ba ta riƙe maka jariri ka shiga wanka.

Duk da haka, wanda ya ce waje ba zumunci bai zauna ya duba ba. A kusan kowace sabuwar unguwa, masallacin kamsu salawati ne ke fara haɗa mutane. Daga sahu ake sanin juna, a kafa kwamitin unguwa, a yi karo-karo a sayi taransifoma, a zuba marmara a hanya, a ɗauki 'yan sintiri, a buɗe Islamiyya. Zumunci ne da ba a gada ba, ƙulla shi ake yi da gangan, tsakanin Bakatsine da Babarbare da Ba'igbira da ɗan Birni. Yana da rauni, domin rabin jama'ar 'yan haya ne masu shirin tashi. Amma yana da wani alheri da ya kamata a yaba: a nan ba a tambayar mutum asalinsa kafin a ba shi magana.

Ɗaya ba ya rayuwa sai da ɗaya

Dangantakar Birni da kewayensa tsohuwa ce. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigo da itacen girki cikin gari, su koma ɗauke da taki zuwa gonaki. Sharar Birni ita ce abincin gona, amfanin gona shi ne abincin Birni. Yau gonakin sun zama filoti, sharar ta cika da leda, ba ta da inda za ta sai magudana. Amma musayar ba ta tsaya ba, kaya ne suka sauya. Birni yana ba waje suna da asali da malamai da wurin komawa ranar farin ciki da ranar baƙin ciki. Waje yana ba Birni numfashi, domin ba don ƙofar fita ba da tuni gidajen gado sun fashe da rigima. Kuɗin da ake gyara soron gidanmu da shi, sau da yawa daga gidana yake fitowa.

Al'ada ma ta san da haka. A bikin Sallah, bayan Hawan Daushe da ake yi a cikin gari, Sarki yana yin Hawan Nasarawa, ya fita ta ƙofa, ya gaisa da gwamna, ya ratsa unguwannin waje jama'a su yi masa barka. Hawan ya samo asali ne daga ziyarar da ake kai wa Razdan a zamanin Turawa, amma ma'anarsa ta wuce nan: mutanen bayan ganuwa ma jama'ar Kano ne, kuma haƙƙinsu ne a je inda suke.

Tun ran gini, ran zane

In an yarda cewa ciwon Birni rashin fili ne, ciwon waje kuma rashin tsari, to maganin kowanne daban ne. Birni ba ya buƙatar a rushe shi da sunan zamani. Yana buƙatar magudanai masu aiki, ruwa a bututu, a bar sauran kududdufai su yi aikinsu, a tsare abin da ya rage na ganuwa da ƙofofi, a kuma buɗe 'yan hanyoyin da motar asibiti da ta kashe gobara za su iya shiga, da shawarar masu gidajen da diyya ta gaskiya.

Babban aikin yana gefen gari, inda igiya ke aiki yau da gobe. Hana awon igiya da sanarwa ba zai yi tasiri ba muddin talaka ba shi da wata hanya. Abin da zai yi tasiri shi ne hukuma, ta hannun hukumar tsara birane ta KNUPDA da ƙananan hukumomi da masu unguwanni, ta riga bulo isa gona. A zauna da manomi tun bai kira dillali ba, a fitar da hanya mai faɗi, a ware filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, a bar wa ruwa hanyarsa, sannan a bar shi ya sayar da sauran da takarda mai inganci wadda ba ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi ba. Fitar da hanya a gona kuɗinsa kaɗan ne. Fitar da ita bayan an yi gini sai da rusau da hawaye. Haka kuma a ƙara masu unguwanni daidai da yawan jama'a, a ba kwamitocin unguwa matsayin da hukuma za ta saurare su, a sa manyan motocin haya masu tsari a kan titunan da gari ya bi ya miƙe.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gwamnati. Mai gini yana iya mai da zaure cikin zanen gidansa, ko ɗan ƙarami ne, ko dakali ne da rumfa a ƙofar gida. Mai gida yana iya sanin wanda ya ba haya, ya gabatar da shi ga maƙwabta. Wanda Allah ya hore wa yana iya sayen fili ɗaya ya bar wa unguwa, tun kafin a nema a rasa.

Yaran da ake haifa yau a Ɗanbare da Gaida da Rimin Kebe ba su san wani lungu ba sai wanda suke wasa a ciki. Nan da shekara arba'in, in ɗayansu ya ce "gidanmu", wannan gidan na bulo yake nufi, kuma a ƙofarsa za a shimfiɗa tabarmar ɗaurin aurensa da ta makokin iyayensa. Waɗanda suka ja ganuwa sun bar wa jikokinsu gonaki a cikinta, shi ya sa Birni ya ɗauki ƙarnuka kafin ya cika. Mu ma ana bin mu wannan bashi, kuma lokacin biyansa shi ne yanzu, tun filin yana gona.